Lungun Mai Usur

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ƙanwata Injiniya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da 'yan biyunki, da fatan kowa ya tashi lafiya. Mu nan da sauƙi, sai ƙafata ta hagu da take kumbura in na daɗe a kan keken ɗinki. Takardar ta'aziyyarki ta iso tun ina takaba. Na karanta ta ya fi sau goma, amma hannuna bai yarda ya ba ki amsa ba sai yau. Kin kira waya sau biyu ban ɗauka ba, kada ki ji haushi. In na buɗe baki a kan maganarsa kuka ke riga ni, ita kuwa takarda tana jira in share ido. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida na tsaya.

Wata magana ce ta sa na ɗauki biro. Ranar da 'yan'uwa suka zo gaisuwa na ji yayanki yana ba maza labarin aikinki. Wai kuna buga wani abu a inji kamar yadda ake buga katin biki, a manna wa mutum a jiki, ya faɗi irin dukan da fashewa ta yi wa kansa. Maza suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kin san Baban yara shekara ashirin da uku yana fasa dutse da nakiya a ramin dutsen da ke bayan unguwarmu. Shi ke cusa nakiyar a ramuka, shi ke busa usur sau uku kowa ya gudu, shi ke danna abin. Har sunansa ya ɓace, yaro da babba Mai Usur suke ce masa. Ko tsakuwa ba ta taɓa fasa masa goshi ba, kuma yana alfahari da hakan. Amma a shekara biyar ɗin ƙarshe ba mutumin da kika sani ba ne. Ciwon kai kullum. Kunne yana masa ƙara. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma faɗa a kan an motsa masa takalmi. Ya sa fulas ɗin shayi a cikin durowar kaya, ya rantse ni na ɓoye. Asibiti suka ce hawan jini, maƙwabta suka ce an yi masa wani abu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ɗauka gajiya ya yi da ni.

Safiyar da ya faɗi, sau uku yana tambayata ina usur ɗinsa. Ina yanka yadi, ban ko ɗaga kai ba. A na ukun na ce, "Ka duba wuyanka mana, sai ka ce ƙaramin yaro." Yana rataye a wuyansa. Ya taɓa shi, ya dube ni, ya fita tsakar gida, na ji faɗuwarsa. Maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan a duniya. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke.

Yanzu ɗana na fari, ɗanki ke nan, shi ya gaji aikin, shi ke rataye da usur ɗin. Shekararsa ashirin da shida, matarsa tana da ciki wata huɗu. Talata da Juma'a in na ji tagogin gidan nan sun girgiza, sai allura ta tsaya a hannuna. In abin nan naku gaskiya ne, ki taimake ni da ɗaya. In kuma ƙaryar yayanki ce, ki gaya mini, dama tun yana yaro ya iya ƙara gishiri.

Yayarki Tela

*

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Yaya,

Na amsa gaisuwa, muna lafiya. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi in kin tashi daga keke. Na karanta takardarki a ofis, sai da na shiga bayi na wanke fuska. Kakarki da kakana wa da ƙanwa ne, don haka ina da lasisin tsokanarki har abada, amma yau na ajiye shi.

Wannan karon yayana bai ƙara gishiri ba. Ki buɗe ƙaramar ambulan ɗin a hankali, guda uku na sako miki. Leda ce mai laushi, tsawon ɗan yatsa. Muna da inji kamar firinta, sai dai tawadarsa da azurfa a ciki. Yana zana layuka sirara a kan ledar, sannan ya shimfiɗa wani sinadari a kai, wanda in an matsa shi yake fitar da 'yar wutar lantarki. Ɗan maɓallin da za ki gani a gefe shi ke riƙe lissafin bugun.

Ga abin da take ji. In nakiya ta tashi, ba ƙara da duwatsu kaɗai ke fitowa ba. Iska ce take dunƙulewa ta zama kamar bango, ta bugi mutum ta wuce kafin ya ƙifta ido. Ba ta barin tabo. Amma ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma kowane bugu yana girgiza ta. Ƙarami guda ɗaya ba lallai ya yi komai ba. Abin da muke bincike shi ne ƙanana masu yawa, shekara bayan shekara. Don sojoji aka fara aikin, amma shugaban sashenmu ya yi murna da na ce akwai mai fasa dutse da zai gwada.

Sai ɗana ya yarda da kansa, ban da tilas. A manna ta a bayan kunne ko a cikin hular kwano, ta zauna daram, kada ta faɗi. Bayan kowace fashewa ya kara wayarsa a kanta, na rubuta masa yadda zai yi a bayan wannan takardar. Lamba za ta zo mini a kwamfuta. In ta haura goma mukan damu.

Ƙanwarki

*

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa ta sace, surukata ta daina amai, mun gode Allah.

Ikon Allah! Na buɗe ambulan na ɗauka kin manta ba ki sa komai ba, sai da na karkata ta suka zamo a tafin hannuna. Ɓawon albasa ya fi su nauyi. Na ɗaga ɗaya a hasken taga na daɗe ina kallo. Layukan nan na azurfa sun tafi sun dawo, sun tafi sun dawo, ba wanda ya hau kan ɗan'uwansa, ba wanda ya karkace. Shekara talatin ina aikin zare, ban taɓa ganin hannun da zai yi wannan ba. Na naɗe ta a yatsa ta naɗu, na sake ta ta miƙe. Na hura mata iska a hankali na ce ko ta ji ni. Kuma wai ke, da na goya ki kina yi mini fitsari a zani, ke kike cikin masu yin wannan.

Maganar ƙwaƙwalwa kuwa ta hana ni sakat. Ina wanke shinkafa na girgiza kwanon, na tsaya ina kallon yadda ruwan yake bugun gefe yana dawowa. Ashe duk abin da mutum ya sani, da sunayen 'ya'yansa, da hanyar gidansa, a cikin ruwa Allah ya ajiye su. Ban taɓa sani ba.

Ɗanki ya yarda, amma da gardama. Ya ce, "Umma, ni in manna filasta a bayan kunne in shiga cikin ƙartin nan? Kafin azahar sun sa mini suna." Na ce to a cikin hula. Ya ce zufa za ta ɓamɓare ta. Na ce ya bar mini wannan. Hular kwanonsa tana da wani ƙyalle a ciki da yake zagaye goshi, na kafa ta a nan yadda ko guguwa ba za ta ɗauke ta ba. Kin ce daram, to ta zauna daram. Ya kara waya ranar Juma'a, ya ce ta yi ƙara alamar ta tafi. Sauran biyun suna cikin gwangwanin maɓallaina.

Yayarki

*

Litinin, 11 ga Maris

Yaya,

A gurguje nake rubutu, jibi za mu tafi taro, daga can kuma mu wuce gwaji a wani sansanin sojoji, sai bayan mako uku ko huɗu. Duk muna lafiya.

Albishirinki. Sau biyar ɗana ya aiko, duk biyar ɗin sifili ne. Ko ɗaya ba ta kai ba. Ke nan inda yake tsayawa bugun ba ya isa gare shi. Ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, yayana ya ce kin rame har kin fara kyau.

Ƙanwarki

*

Laraba, 20 ga Maris

Ƙanwata,

Ina fata kin sauka lafiya. Takardarki ta zo, na yi sujada a tsakar ɗaki. Na karanta wa ɗanki, ya ce, "Ai na gaya miki, Umma. Wurin Baba nake tsayawa." Kwana huɗu ina cikin farin ciki.

Jiya Talata ya dawo daga aiki ya biyo ta nan kafin ya wuce gidansa. Ya zauna a bakin ƙofar shagona ya dafe kai. Na ce lafiya, ya ce rana ce. Na ba shi ruwa. Da zai tashi ya fara lalube aljihu, ya duba ƙarƙashin benci, ya ɗaga yadin da ke kan tebur. Ya ce, "Umma, ba ki ga makullin babur ɗina ba?" Ƙanwata, yana hannunsa na hagu. Yana riƙe da shi.

Na tashi na kama hannun na buɗe masa. Ya yi dariya ya ce tsufa ya zo da wuri.

Na san kowa yana mantuwa. Ni ma na taɓa neman tabarau yana kan hancina. Amma matarsa ta ce mini tun watan jiya yake cewa a rage rediyo alhali a kashe take. To wa zan yarda da shi, ledarki ko idona? Ba na zarginki. Abin da ya ji hucin bakina ba zai kasa jin nakiya ba. Na cire ƙyallen hular na duba ko ta faɗi, tana nan inda na sa ta. Layi biyu na bi ta da keke, sama da ƙasa, sannan na ratsa ta tsakiya da ƙaramar allura don kada ta kumbura. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ki amsa mini da wuri.

Yayarki

*

Juma'a, 5 ga Afrilu

Ƙanwata,

Sallama. Kwana goma sha shida ba amsa. Na san kin ce za ki yi tafiya, na kuma kira wayarki a kashe. Amma zuciya ba ta da hankali, tana ta gaya mini kin ga wani abu a kwamfutarki ne kika rasa yadda za ki faɗa mini. In haka ne ki faɗa. Na binne miji, zan iya jin magana.

Yau ma tagogi sun girgiza sau biyu.

Yayarki

*

Talata, 9 ga Afrilu

Yaya,

Jiya na dawo. A sansanin karɓe mana wayoyi suka yi. Na tarar da takardunki biyu a kan tebur, na karanta ta farko a tsaye, da na zo kan layi biyu da ƙaramar allura sai na zauna a ƙasa.

Yaya, kin ɗinke ta! Layukan azurfar nan da kika yaba, su ne hanyar da wutar take bi. Hanya ɗaya ce doguwa da ta naɗe kanta. Allura ɗaya in ta ratsa ta, ta yanke. Ke kuwa kin bi ta da keke. Tun ranar farko kurma ce, sifilin da nake gani ba lafiya yake nufi ba, shiru ne kawai.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni na ce daram, na manta da tela nake magana, wadda ko tambarin riga ba ta yarda da gam ba. Kuma laifinmu ya fi naki girma. Na kai wa shugabanmu takardarki, ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Wato wadda ta mutu da wadda ba ta ji komai ba magana ɗaya suke mana?" Mu takwas masu digiri, shekara biyu, ba wanda ya yi tunanin wannan. Yanzu an sa mutum biyu su gyara. Ni kuma na ba ki albishir ɗin ƙarya na tafi, wannan yana cina.

Abu uku. Ɗana ya je ya ga likita a wannan makon, ya faɗi ciwon kan da ƙarar kunnen da irin aikinsa, kada ya jira ledata. Na biyu, ki ɗauko ta biyu daga gwangwani, ban da allura. Na uku, ki gaya mini dalla-dalla inda yake tsayawa in zai danna. Kin ce wurin Babansa. Wane irin wuri ne?

Ƙanwarki mai neman afuwa

*

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ƙanwata,

Muna lafiya, cikin surukata ya fito sosai. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Abin da masu ilmi suka shekara biyu suna yi, na kashe shi a minti ɗaya da keken da ya girme ki. Ɗanki ya yi ta tsokanata, wai in an ba ni jirgin sama ma sai na yi masa kalmasa.

Amma ya yi gaskiya a kan zufa, gam ɗinku ba ya riƙewa a goshin mai aikin rana. Sai na ɗinka ɗan aljihu da yadi marar kauri, na kafa aljihun a ƙyallen hular tukuna, na ajiye allura can nesa, sannan na zura ledar a ciki kamar wasiƙa a ambulan. Bakin aljihun yana da ɗan murfi. In na sake yin ɓarna ki faɗa.

Likita ya gan shi. Ya ba shi magani, ya ce kunnen dama ya ragu, ya ce ya dawo bayan wata ɗaya.

Wurin kuwa, ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi kamar ɗakina don yawan jin labarinsa. Lungu ne a jikin dutsen, inda bango biyu suka haɗu, da wani dutse da ya leƙo ta sama kamar rumfa. Bakinsa yana kallon wajen da ake fasawa, a ɗan karkace. Baban yara ne ya gano shi tun farkon fara aikinsa. Sauran ma'aikata gudu suke yi har bakin ƙofar shiga, shi kuwa a nan yake tsugunawa, kusa, don ya riga kowa zuwa ya duba ko akwai ramin da bai tashi ba kafin ya bar mutane su dawo. Ya ce duwatsu suna wucewa ta samansa kamar tsuntsaye, ko ɗaya bai taɓa shiga ba. Lungun Mai Usur ake ce masa. Ranar da ya fara kai ɗanki wurin aiki, nan ya fara nuna masa, ya ce, "In kana nan, uwarka ba za ta yi kuka ba."

Yayarki

*

Litinin, 6 ga Mayu

Yaya,

Lafiya lau muke. Aljihunki ya yi, har an ɗauki zanensa a nan. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Sau huɗu ya aiko. Goma sha bakwai, goma sha tara, goma sha shida, ashirin da biyu.

Lungun ne, Yaya. Kin taɓa yin magana a cikin bayi kin ji muryarki ta yi kauri? Haka iskar take yi. A fili takan bugi mutum sau ɗaya ta wuce. A lungu kuwa ta bugi bangon nan ta dawo, ta bugi wancan ta dawo, rumfar ta sama ta maido ta ƙasa, duk su haɗu a kan wanda ke tsugune a tsakiya. Wurin ya tsare shi daga dutse, wannan gaskiya ne. Baban yara bai yi wauta ba. Ya ɓuya daga abin da ido ke gani, ɗayan kuwa ba wanda ya taɓa nuna masa shi.

Na san tambayar da ke bakinki. Ba zan iya rantse miki cewa wannan ne ya canza shi ba, ko shi ya kashe shi. Ba mu auna shi ba, kuma hawan jinin ma gaskiya ne. Na riga na ba ki tabbacin da ba ni da shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ciwon kai, ƙarar kunne, mantuwa da saurin fushi, su muke gani a wurin mutanen da suka daɗe suna shan irin wannan bugun. Ba su gaji da matansu ba, Yaya. Ciwo ne.

Ɗana ya bar lungun nan daga gobe. Na san jininku, ba zai ji maganata ba. Na sa an buɗe masa, yanzu in ya kara waya shi ma zai ga lambar da idonsa. Kina da sauran guda ɗaya a gwangwani.

Ƙanwarki

*

Lahadi, 19 ga Mayu

Ƙanwata, 'yar albarka,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Kowa lafiya. Ki samu wuri, labarin da tsawo.

Kin san jininmu kuwa. Na karanta masa takardarki, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wato ita da ba ta taɓa riƙe nakiya ba, daga ofis mai sanyi, ita za ta ce Baba bai san aikinsa ba?" Na ce ba haka ta ce ba. Ya ce, "Shekara ashirin da uku ko ƙwarzane. Leda ce za ta ƙaryata shi?" Ya cire ledar daga aljihun ya ajiye mini a kan keke ya fita. Talata ya tafi aiki ba ita. Na ji tagogi, na san inda yake tsugune.

Ranar Juma'a da safe na sa mayafi, na zuba ledojin biyu a jaka, na hau ɗan sahu har ƙofar ramin dutse. Shekara ashirin da takwas da aurena ban taɓa taka wurin ba. Mai gadi ya ce mata ba sa shiga. Na ce ya je ya gaya wa ogansu matar Mai Usur ce. Sai ga ogan da kansa, da furfurarsa, ya cire hula ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini hular kwano. Na ɗora ta a kan ɗankwali, ƙartin nan suna ta ƙunshe dariya.

Ɗanki ya zo fuska a murtuke. Ya ce, "Umma, me ya kawo ki?" Na ce, "Ban zo in ce ubanka bai iya aiki ba. Na fi ka sanin ya iya. Alfarma ɗaya nake nema. Ka manna wannan a lungun, daidai inda kanka yake zama. Ka mayar da wannan a hularka. Yau kaɗai ka danna daga inda nake tsaye. In lambobin sun zo ɗaya, ba zan ƙara yi maka maganar ba har in mutu." Ya ce wayar dannawa ba za ta kai ba. Ogan ya ce akwai doguwa a sito, tun shekara shida da aka kawo ta, marigayi ya ce ba ya bukata. Ya dubi ogan, ya dube ni, ya karɓi ledar.

Muka tsaya can sama kusa da ƙofa, a bayan wata katanga. Ya busa usur sau uku. Ban ji muryar usur ɗin nan kusa ba tun rasuwar Baban yara. Sannan ya danna.

Ƙanwata, na ga abin da kike faɗa. Gefen dutsen gaba ɗaya ya ɗaga kamar mai numfashi, shiru, ba ƙara. Sai na ga ciyawar da ke gangaren tana kwantawa, layi guda, yana tahowa wajenmu da gudu, kamar an ja hannu a kan karammiski. Kafin in ce wani abu ya iso. Na ji shi a ƙirjina da haƙorana, mayafina ya motsa, sannan ƙarar ta cika duniya. Ban san sanda na ce Allahu akbar ba. Abu ba launi, ba jiki, ga shi ya taɓa ni ya wuce. Daga nesa ke nan.

Da ƙura ta lafa ya je ya duba ramukansa, ya busa usur na sallama. Ya kara waya a hularsa a gabana. Uku. Ya mayar da hular kansa. Muka gangara tare, yana riƙe da hannuna saboda ƙafar. Ya kara a jikin bangon lungun. Ashirin da huɗu.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sai ya zauna a kan wani dutse ya cire hula. Ya ce, "Sau biyu a mako, Umma. Shekara ashirin da uku." Ya rufe fuska da hular. Ogan ya juya baya ya kori mutane.

Ni kuwa na shiga lungun. Ɗan ƙarami ne, bai kai rabin shagona ba. Akwai wurin da dutsen ya yi santsi, daidai kafaɗa, inda ya riƙa jingina. Na sa hannuna a wurin, da ɗumi. A nan ya riƙa tsugunawa don kada in yi kuka, abin yana dukansa ta ko'ina, ya tashi ya karkaɗe wando ya dawo gida in ce masa ya cika faɗa. Na ji kin ce ba ki da tabbas, kuma na yarda. Amma na yi abin da ya kawo ni. Na ce a hankali, yadda ya kamata in faɗa a ranar, "Ga shi nan a wuyanka, maigida." Bangon ya maido mini da maganar, da kauri, kamar wani ya amsa daga ciki.

Kafin in bar wurin ɗanki ya kira mai katafila. Bulo uku na dutse ya sa aka jibge a bakin lungun. Shi ya tsaya yana nuna masa inda zai ajiye. Doguwar wayar kuma ya naɗe ta da kansa ya rataye a ƙofar sito, inda hannu zai kai. Jiya ya zo ya ce kan bai yi ciwo ba ranar Juma'a, amma kada in gaya miki, kanki zai kumbura. Ranar Laraba zai koma wurin likita, matarsa za ta raka shi.

Akwai mutum bakwai da suke aiki kusa da nakiyar, da masu huda dutsen. Ogan ya ce in tambaye ki ko shugabanku zai yarda a ƙaro. Sun kawo mini hulunansu a buhu, shagona duk warin zufa. Na gama aljihu bakwai. Ki aiko kawai, allurar tana cikin gwangwani, na rufe.

Yayarki Tela